Bargon haɗe-haɗe na gwanjo mai rinin gargajiya a Birnin Kebbi: inda aikin ya yi kyau da inda ya gaza

Akwai wani ƙaramin shagon ɗinki na mata a Birnin Kebbi da ya ɗauki sana'ar da ba kowa ke yi ba. Suna sayen zannuwan gado da rigunan auduga daga dilar gwanjo, su rina su da bagaruwa, ɓawon albasa da shuni, su yayyanka, su haɗa bargo mai hawa uku: fuska, ciki da baya. Mutum na iya sayen wanda aka gama, ko ya kawo nasa kayan, kamar tsohon zanen mahaifiya ko rigar da yara suka girme wa, a haɗa masa yadda yake so. Aikin ya cancanci kuɗinsa, amma ba kowane bargo da ke rataye a shagon ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tace ƙyalle kafin ya ga tukunya. Rinin itatuwa ba ya kama leda, kuma yawancin kayan gwanjo na yanzu gauraye ne. Don haka sukan zare ɗan zare daga gefe su sa masa ashana. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai leda yakan narke ya dunƙule ya yi tauri, sai a ajiye shi gefe. Bayan haka a ɗaga ƙyallen a rana. Duk inda haske ya ratsa fiye da sauran wurin, kamar tsakiyar zanen gado ko gwiwar hannun riga, ya riga ya ci, a yanke a zubar. Wuya da hammata ma ba sa shiga, domin maiƙon jiki ya zauna a nan, rini zai fito dabbare-dabbare.

Sai dahuwa. Ana dafa kayan awa ɗaya zuwa biyu da sabulu da 'yar kanwa, har ruwan ya koma ruwan ƙasa, a ɗauraye. Wanda ya tsallake wannan, datti ya rina ba zare ba, kuma wankin farko zai tafi da launin.

A wajen ɗaure launi ne shagon ya nuna ya san aikinsa. Auduga ba kamar fata ba ce, ba ta riƙe rini haka kawai. Ga kilo ɗaya na busasshen ƙyalle, ana daka bagaruwa wajen giram 250, a dafa, a tace, a jiƙa kayan a ciki su kwana. Washegari a matse, a sa su cikin ruwan ɗumi da aka narkar da alif giram 150, wato wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, su sake kwana. Bagaruwa ce ke riƙe alif a jikin zare, alif kuma ya riƙe launi. Idan aka sa alif shi kaɗai, da yawa daga cikinsa a ruwan ɗauraya yake tafiya. Daga nan sai ɓawon albasa, rabin kilo zuwa kilo ɗaya, a dafa awa guda ba tare da an bar shi yana tafarfasa ba, don zafi mai yawa na dusashe launin. Ɓawo kuwa ba abin nema ba ne a jihar da ke da Aliero, garin noman albasa. Sai dai mai oda ya sani: jar albasar da ta fi yawa a kasuwanninmu, in ta haɗu da alif, launin da ke tsakanin kore da ruwan ƙasa take bayarwa. Mai son rawaya mai haske sai an tsinto masa ɓawon da ya fi kama da ruwan goro. Shagon ba ya faɗin wannan sai an tambaya, kuma ya kamata ya riƙa faɗa.

Launin ruwan toka da baƙi-baƙi suna samun su ne daga bagaruwa da ruwan tsatsa, wato tsofaffin ƙusoshi da aka jiƙa. Launin yana da kyau, yana kuma daɗewa. Amma a wasu ƙyallayen an zarce, ana jin su da kaushi a hannu. Tsatsa na cin zare. Minti biyar zuwa goma a ruwa mara kauri ya isa, sannan a ɗauraye sosai.

Shuɗin ba su ke yi ba, marina suke kai wa. Shuni ba ya buƙatar alif, tsomawa da shanyawa ne sau da yawa, ƙyallen ya fito kore, iska ta mai da shi shuɗi. A nan akwai tambayar da ya dace mai saye ya yi: da baba aka rina ko da galura? Marina da yawa sun koma galura don sauri. A jiƙa farin tsumma a goga a kan shuɗin. Ɗan shafi kaɗan ɗabi'ar shuni ce, amma idan tsumman ya rine, ba a ɗauraye ba, zai zuba a kan rawayar da ke gefensa.

Inda aikin ya gaza ƙwarai shi ne gangamau da zoɓo. Barguna masu ɗaukar ido da ke ƙofar shago su ne masu waɗannan launuka, kuma su ne za su fara ba mai su haushi. Gangamau na koɗewa a rana cikin 'yan makonni, in ya taɓa sabulu mai kanwa kuma sai ya koma ja. Zoɓo ko kusa ba rini ba ne a kan auduga, jan nan nasa toka-toka yake komawa bayan wanki. Karan dafi, da dukawa ke rina fata da shi, shi ma bai zauna a ƙyallayen kamar yadda yake zama a fata ba. Mai son ja ya haƙura da ruwan goro mai duhu, ko ya kawo jar atamfarsa a haɗa.

Ɗinkin fuska ba laifi. Bargon mutum ɗaya mai faɗin santimita 150 da tsawon 195 yana cin ƙyalle 130, kowanne an yanka shi 17 da 17, santimita ɗaya ta kowane gefe ta shige ɗinki. Kusurwoyi sun haɗu daidai, an kuma bi tsayin zare wajen yanka, shi ya sa bargon ba ya karkacewa. Kuskure ɗaya da ke maimaituwa shi ne haɗa yadin jins da siririyar riga gefe da gefe. Mai nauyin zai ja, siririn ya yage a bakin ɗinki.

Na ciki kuwa, araha ba ta ado. Masu sauƙin kuɗi siririn soso aka sa musu, mai riƙe zufa da marmashewa, aka kuma bi su da keke layi-layi da tazarar da ta kai taƙi guda, don haka cikin zai tattare gefe ɗaya. Masu tsada tsohon bargon auduga ne a ciki, an ɗinke hawa ukun da hannu da zare mai kauri, tazarar santimita 4 zuwa 5. A juya bayan a duba, za a ga ɗinkin a jere kamar kunyoyin gona, ba ƙulli ko ɗaya a waje. Wannan shi ne ya cancanci saye, ko na shimfiɗa ko na ratayewa a bango.

Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba bilic, a shanya a inuwa a birkice. A kiyaye shi da ruwan lemun tsami ko tsamiya, domin suna barin farin tabo a kan launin tsatsa. Mai son nasa kafin hunturu ya kai kaya da zarar damina ta ɗauke, don jiƙo, rini da ɗinkin hannu na bargo ɗaya makonni suke ci, kuma ya nemi a ba shi guntun kowane launi ya wanke a gida kafin a sa almakashi.