Awon cututtukan sanyi a likitar unguwarmu: abin da baƙo zai tarar

Ina da gidan haya a unguwar Zango ta Damagaram, ba nisa da tasha, kuma yawancin masu kama ɗakunana baƙi ne: magina daga Togo da Benin, 'yan kasuwa daga Kano da Daura, da samarin da suka ɗauko hanyar Tanut zuwa Agadas guzuri ya ƙare musu a Damagaram. In ciwo ya kama ɗayansu, ƙofata ake ƙwanƙwasawa. Ta haka na san ɗakin awon cututtukan da ake ɗauka ta saduwa a likitar unguwarmu, kuma ina ganin ya kamata masu saukar baƙi irina su san da shi.

Babban abin da ya sa nake tura mutane can shi ne ba a tambayar baƙo takardar zama. Sunansa da shekarunsa kawai ake rubutawa a kati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda kullum gabansa ke faɗuwa in ya hango kaki. Wani magini da na raka, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya daɗe yana fama da zafin fitsari da mugunya, yana ta haɗiyar kafso na masu yawo da magani a faranti. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ja labule, ya zaunar da shi, ya ce, "Ɗana, ba kai ne farau ba, faɗa mini tun yaushe." Ni kuma ya ce, "Alhaji, a ɗan ba mu wuri." Na ji daɗin korar nan da ya yi mini, don ta nuna sirrin mutum yana da daraja a wurin.

Yaron ne da kansa ya ba ni labarin sauran. An huda masa yatsa don awon SIDA, wato ƙanjamau, sakamako ya fito kafin rabin awa, ba a karɓi ko dala ba. Aka ce ya dawo bayan wata 3 a sake, saboda sabon kamu ba ya nunawa nan take. Na ciwon sanyin kuwa allura aka yi masa, aka rubuta masa ƙwayoyi ya saya a farmasi. Majo ya dage a kan abu biyu: ya shanye maganin duka ko da ya ji sauƙi, kuma ya turo wadda ya yi hulɗa da ita, in ba haka ba ciwon zai dawo. Ya kuma ba shi kwaroron roba, ya nuna masa yadda ake sawa.

Akwai maganar da ke ƙona mini rai a majalisa, wai baƙi ne ke kawo mana waɗannan cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke kamuwa kowace rana da irin waɗanda ake warkewa, wato ciwon sanyi da tunjere da 'yan uwansu, kuma da yawa ba sa jin komai a jikinsu, musamman mata. Ciwo irin wannan ba ya tambayar ƙasar mutum. Abin da na gani da idona shi ne halin da baƙo ke ciki: ya bar matarsa shekara da shekaru, yana kwana shi kaɗai, ranar biya kuɗi na hannunsa, ba wa ba kawu da zai ja masa kunne. Matan da hanya ta yanke wa sun fi shiga uku, don wadda ba ta da na abinci ba ta da bakin cewa sai da roba. In ciwon ya zo, kunya da tsoro su tura mutum wurin mai faranti, kuma rabin magani ne ke sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. A ƙarshe mace ta rasa haihuwa, ko tunjere ya kashe mata ɗa a ciki.

Inda wurin ya gaza, dole in faɗa. Bencin jira ɗaya ne da na masu awon ciki da masu zazzaɓi, kuma ƙofar ɗakin tana kallon kowa, duk wanda ya shiga an gan shi. Na san wanda ya juya daga bakin ƙofa don ya hango matar maigidansa. Ga matsalar harshe: da Hausa ko Faransanci komai na tafiya, amma baƙon da Turanci kawai yake ji sai an nemo masa tafinta, kuma wa zai kwance cikinsa gaban mutum na uku? Awon ciwon hanta ma ba a yi a nan, sai a tura ka wani wuri da kuɗinka, alhali shi ma ana ɗaukarsa ta wannan hanya.

Duk da haka can nake kai nawa. Wanda aka samu da SIDA ana haɗa shi da inda ake ba da maganin kyauta. A je da sassafe ko kuma bayan azahar, lokacin benci ya yi sauƙi, a tafi da kuɗin farmasi a aljihu.