Sharhi: kai kayan shayin gado wurin maƙerin fari a Maraɗi

Duk mai tsohon kayan azurfa a ɗaka, ina ba shi shawarar ya kai a karanta masa hatiman da ke jikinsu kafin ya yarda a ɗora su kan sikeli. Na kai namu wurin wani dattijo maƙerin fari a nan Maraɗi: butar shayi, mazubin sukari, mazubin madara da tire, gadon kakanmu da ya yi fatauci tsakanin nan da Kano. Jika biyu ya karɓa, kuma ban ji ƙyashin su ba.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa kayan da zarto ko asid ba. Madubin ƙara girma ya ɗauko, ya kife butar. "Hajiya, zo ki gani da idonki," in ji shi. Ga ɗan zaki yana tafiya, shi ne shaidar Ingila ta azurfa mai kashi 925 cikin 1000. Kusa da shi ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, alamar Birmingham, inda aka buɗe ofishin gwajin azurfa a 1773. Da Landan ce, kan damisa za a gani. Sheffield ta da kuwa kambin sarauta.

Wurin shekara ne aka daɗe. Akwai ƙaramin harafin k mai nuna shekarar da aka buga hatimin, amma harafi shi kaɗai ba ya yanke magana, domin kowane gari da nasa jerin, kuma haruffan na zagayowa da sabon salon rubutu. Daga 1784 zuwa 1890 ana ƙara hoton kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji. Butarmu ba ta da shi, harafin kuma miƙaƙƙe ne, ba mai lanƙwashe-lanƙwashe ba. Da muka duba jadawalin Birmingham, jerin da ya fara da a a 1900 ya kai mu 1909. Mazubin sukari ma haka.

Mazubin madara ashe baƙo ne a cikinsu, ɗan Faransa. Yana ɗauke da kan Minerve, wata allahiyar Romawan da, da lamba 1, hatimin da aka soma a 1838 na azurfa mai kashi 950. Nan Baba ya faɗi gaskiya: Faransawa ba su sa harafin da ke nuna zamani a hatimin Minerve ba sai daga 1973, don haka sai an bi sunan maƙerin da ke cikin ɗan hatimi mai siffar lu'ulu'u kafin a kusanci zamaninsa. Bai ƙirƙiro mini shekara don in ji daɗi ba.

Tiren, wanda duk gida muka fi ji da shi saboda nauyinsa, EPNS aka rubuta: ruwan azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe.

Inda aikin ya gaza, Baba ba shi da jadawalin a hannu, sai da ɗana ya nemo a waya, kuma bai ba mu komai a rubuce ba. Ga mai niyyar sayarwa, wannan babban giɓi ne. Ya kuma yi mana faɗa kan goge kayan da toka da muke yi duk sallah, don har hatimin maƙerin butar ya fara shafewa. Tsumma mai laushi da ruwan sabulu ya ce sun isa, kada a dirje wurin hatimin ko kaɗan.