Na'urar danshin da ta mayar min da wutar girki ruwan goro

Tauraro uku na yi niyyar ba na'urar nan mai ƙara wa iskar ɗaki danshi a sharhin masu saye, su ma albarkacin hancin yarana ne.

Duk wanda ya zauna a tsofaffin benayen bulo na arewacin Chicago ya san hitar nan ta ƙarfe mai haƙarƙari da ke tsugune a ƙarƙashin taga. Tukunya guda ce a ƙasan bene take tafasa ruwa, tururin ya bi bututu ya hau kowane ɗaki, kuma mai gida ne ke da wuƙa da nama, ɗan haya ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Dokar birnin ta ce daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Yuni dole ɗaki ya kai digiri 68 a ma'auninsu da rana, wato 20 a namu, amma benenmu wuce gona da iri yake yi, har sai mun buɗe taga a tsakiyar Janairu. Da gangan aka yi hitocin manya bayan annobar mura ta 1918, lokacin da ake so mutane su kwana taga a buɗe. Tururin kuwa a cikin ƙarfen yake tsayawa, ba ya shigowa ɗaki, shi ya sa iskar take bushewa ƙayau, kamar ta hunturun Kano. Ɗan autana kullum da haɓo yake tashi, ni kuma ga faso ga kaushi, in na taɓa marfin ƙofa sai ya fizge ni da lantarki.

Shi ne na sayi na'urar nan mai fesa hazo mai sanyi, wadda kowa ke yabo. A makon farko kam sai hamdala. Ɗan agogon auna danshi ya tashi daga wajen kashi 20 ya haura 35, wanda ya shiga tsakanin 30 da 50 ɗin da masana ke so. Haɓo ya tsaya. Ba ta da ƙara, sai ɗan ƙulun-ƙulun lokaci-lokaci.

Ranar wata Juma'a da yamma na kunna murhun gas zan ɗora miya, sai na ga harshen wutar, wanda kullum shuɗi ne, ya koma ruwan goro yana rawa. Na kashe na kunna na gefe, haka. Duka kawunan huɗu haka. Cikina ya ɗuri ruwa, domin abin da aka koya mana tun zuwanmu ƙasar nan shi ne wuta in ta canja launi gas ba ya ƙonewa daidai, kuma iskar nan mai guba marar wari tana iya kashe gida guda a cikin barci. Ƙararrawar gano iskar mai gubar da ke bango ba ta yi kuka ba, amma wa zai tsaya amincewa da batirinta? Na kwashi yara ba ko safa muka gangara wurin Hajiya, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi da ke hawa na ɗaya, na kira maigidana yana wurin aiki ina kuka, shi ya kira mai kula da benen. Mutumin ya hau, ya dubi murhun, ya leƙa falo, ya zare wayar na'urar daga bango ya buɗe tagogi. Kafin a yi isha'i wuta ta dawo shuɗiyarta. Ashe irin wannan na'urar ba dafa ruwa take yi ba, girgiza shi take yi ya tarwatse, duk gishiri da ma'adinan da ke cikinsa su bi iska, kuma ruwan famfonmu na tafkin Michigan yana da su. Su ne wutar ke ƙonawa ta canja launi. Ya ce duk sanyi sai an kira shi a kan wannan.

To in abin sananne ne haka, me ya hana su rubuta a jikin kwali? Na sake bin takardar ciki layi-layi. Abin da ke wurin kawai, da ƙananan baƙaƙe, wai an fi so a zuba tataccen ruwa, wato wanda aka raba shi da ma'adinai. Zancen murhu babu shi ko kaɗan.

Daga nan idona ya buɗe ga farar ƙurar da ke kwanciya a fuskar talabijin da kan teburi, wadda nake ta ɗora wa yara laifinta, ashe ma'adinan ruwan ne. Ita ce kuma muke shaƙa. Tataccen ruwan a galan ake sayar da shi, na'urar tana shanye kusan guda a dare, ni kuma a hawa na uku nake, babu lifta. Ga wanki: bakin tankin ko hannun yaro ba ya shiga, in aka yi kwana uku ba a jiƙa shi da binega ba sai wani jan yauƙi ya fito a gindin. A'a, tauraro biyu ya ishe ta.

Hajiya dariya ta yi ta min. Ta ce, «'Yata, ke ma da neman wahala. Ɗora faranti mai faɗi da ruwa a kan hitar, ki shanya wankinki kusa da ita.» Na gwada, yana taimakawa, sai dai a daren da sanyi ya tsananta agogon ba ya kaiwa 30. Ita ce kuma ta faɗa min kada in riƙa barin makunnin hitar rabi da rabi, ko a buɗe gaba ɗaya ko a rufe, in ba haka ba ruwa ya taru a ciki ta dinga bugu da tsakar dare.

Na'urar yanzu tana ɗakin yara, da tataccen ruwa, ƙofa a rufe, dare kaɗai. Ta falo kuwa irin mai fanka da lagwani zan nema, wadda ma'adinan ke maƙalewa a jikin lagwanin, in ya ƙazanta a canja shi.