Gargaɗi ga masu motoci a Katsina: ku yi hattara da mai gwajin kwamfuta na tafi-da-gidanka

Salamu alaikum jama'a. Akwai wani matashi da ke tallata kansa a Facebook da WhatsApp cewa yana gwada mota da kwamfuta, har gida yake zuwa. Ba zan kama sunansa ba tunda maganar tana hannun hukuma, amma zan faɗa maku yadda ya yi mani, don na san ba ni kaɗai ya taɓa ba.

Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke wuce digiri 40, motata ta fara wani hali. In na shiga cunkoson Ƙofar Ƙaura da rana, esi a kunne, sai allurar zafi ta riƙa hawa har ta kusa jan layi. Da na samu hanya na taka, sai ta sauko tsakiya kamar ba ita ba. Ku riƙe wannan bayanin, don amsar duka tana cikinsa. Ni ne dai ban sani ba.

Na kira matashin, ya zo da 'yar jakarsa, ya jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya juyo mani da fuskar waya cike da jan rubutu. Ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, Allah ya so ka. Gasket ya ƙone, in ka ƙara kwana biyu injin zai buga." Gasket shi ne shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa. Ya nuna mani lamba P0217 a matsayin shaida. Ya yanka mani naira dubu 180, kuɗin kaya daga Ƙofar Ruwa ta Kano da na aiki, ya ce in tura rabi nan take. Na tura. Wanda aka ce injinsa zai buga ba ya tsayawa ciniki.

Washegari da la'asar ya dawo da mota, inji an wanke shi tas, ga jan gam shar a gefen murfin sama, ga ruwa kore a lagireto wanda ya ce kulan ne, wato ruwan sanyaya inji, na waje. Allura kuwa ta zauna daram a tsakiya. Na cika mashi kuɗinsa har da na mai.

Abin da ya kamata ya tayar mani da hankali shi ne da asuba in na murza makulli, inji sanyi ƙalau, allura sai ta yi tsalle ta tsaya tsakiya. Motar kuma ta koma wahalar tashi da safe. Na ɗauka sabon aiki ne bai gama zama ba. Rana ta huɗu muka kama hanyar Daura da iyali za mu gaisuwa, muka tarar da layi a wani shinge wajen Mashi. Ba mu yi minti goma sha biyar a tsaye ba sai ga tururi na fitowa ta ƙarƙashin banat, allura tana nan tsakiya abinta. Na kashe mota. Wani direban haya ne ya riƙe mani hannu da na nufi murfin lagireto, ya ce in bari ya huce tukuna, in ba haka ba ruwan zai tashi ya saɓule mani fuska. Allah ya saka mashi.

Da muka lallaɓo gida na kai ta wurin wani dattijon makanike da mahaifina ke hulɗa da shi tun ina yaro, wanda na tsallake saboda wai ba shi da kwamfuta. Kunya dai na sha ta. Ya saurare ni har na gama, sai ya tambaya, "A tsaye take zafi ko a guje?" Na ce a tsaye, Baba. Ya ce to fanka ce. Mota in tana gudu iska na ratsa lagireto da kanta, in ta tsaya kuwa fankar lantarki ce kaɗai ke fifita shi. Wadda ke zafi a guje ko a hawa, a nan ake zargin lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat, wato ɗan bawul da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi ɗumi, ya maƙale a rufe. Ya sa yaronsa ya kira mai wayarin. Fiyus lafiya, motar fankar lafiya. Rile mai kunna fankar ne ya mutu, ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana, kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba.

Daga nan aka shiga tonon asiri. A soket ɗin sansar zafi matashin nan ya cusa wani ɗan ƙarfen rediyo ya naɗe da baƙin salatif, yadda kwamfutar mota za ta riƙa ganin zafi ɗaya kullum. Shi ya sa allura ba ta motsi, shi ya sa kuma take wahalar tashi, don tana zaton injin da ɗuminsa sai ta rage mai. Tamostat ya cire shi ya tafi da shi. Gasket kuwa ko kusa da shi bai je ba. Baba ya haska mani notinan da dole a kwance kafin a ɗaga kan inji, tsatsarsu na nan yadda take, sifana ba ta taɓa su ba. Murfin sama kawai ya shafa wa gam. Koren ruwan nan muka zuba kaɗan a murfin gwangwani muka bar shi a rana, ya bushe ya bar farin gari da kala. Ruwan rijiya ne, irin wanda ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto ya kuma cinye famfo da tsatsa.

Ita lambar da ya tsorata ni da ita, P0217, ma'anarta injin ya yi zafi fiye da kima. Iyakarta ke nan, abin da allura ta riga ta faɗa mani kyauta. Na'urar ba laifinta ba ne, tana da amfani. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket mai rami 16 da ake jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙaramar na'urar karanta shi kowa na iya saye ya haɗa da waya. Za ta iya nuna maka zafin ruwan a lamba, wanda a yawancin motoci ke zama tsakanin digiri 90 da 105 in komai lafiya, ta kuma faɗa maka in layin sansa ya samu matsala. Amma babu lambar da ke cewa gasket ya ƙone. Wannan sai an duba: farin hayaƙi mai kauri a salansa bayan inji ya yi ɗumi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kumfa na ta tasowa a bakin lagireto, ruwa na raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Akwai ma wani shuɗin ruwan gwaji da ke komawa rawaya in hayaƙin inji na shiga ruwan sanyaya. Ko ɗaya motata ba ta nuna ba.

Batun tamostat kuma, na san da yawa cikin makanikanmu na cire shi da zuciya ɗaya, wai ƙasarmu zafi gare ta, na Turawa ne. Ni dai yanzu ban yarda ba. Motar zamani an auna man da take sha da zafin da take aiki a kai, in ka cire shi sai ta daɗe ba ta yi ɗumi ba, musamman da hunturu, ta yi ta zuƙar mai, kuma ainihin ciwon na nan. Hatta murfin lagireto da muke rainawa, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, in robarsa ta mutu mota za ta yi zafi alhali komai nata lafiya.

In wani ya ce maku an canza gasket, ku ce ya kawo tsohon ku gani, kuma a yi aikin a garejin da kuka san ƙofarsa. Shi wannan ba shi da gareji, lambar waya ce shagonsa, ita ma ya rufe ta kwana biyu bayan na kira shi. Wanda ya san ya ba shi mota kwanan nan, gobe da asuba ya murza makulli kafin ya tayar da inji, ya dubi allurar. In ta hau tsakiya nan take, kada ya kama doguwar hanya sai mai wayarin ya buɗe soket ɗin sansar zafi. Ni na adana shaidar tura kuɗi da ɗan ƙarfen da aka ciro, na kai ofishin 'yan sanda. Duk wanda abin ya shafa ya yi mani magana ta ciki mu haɗa ƙorafin.