Na'urar auna danshin katako: wata goma sha huɗu tana aljihuna

Teburin farko da na yi da hannuna shi ya sa na sayi wannan na'ura. Faɗinsa santimita 60 ne ranar da na gama shi, katako huɗu na haɗa da gam, na ɗaure saman a jikin ƙafafu da sukurori ta ko'ina, wai don ya yi ƙarko. Bayan wata biyu a cikin ɗaki sai na ji "ƙas" da dare. Da safe na tarar da tsaga tun daga baki har kusan tsakiya, na ɗauko tef na auna, faɗin ya ragu da kusan santimita ɗaya. Katakon ɗanye ne na saya ban sani ba, ya ci gaba da bushewa yana tsukewa, sukurorin kuma sun hana shi motsi. Kuɗin katako, gam, fenti da hutun mako uku, duk sun tafi.

Na'urar ƙarama ce, ba ta fi wayar hannu girma ba, da allurai biyu a kanta da ƙaramin allo. Cikin masu araha na zaɓa, kuɗinta bai kai na katakon da na lalata a teburin ba. Ana soka alluran a jikin katako, ita kuma ta tura ɗan lantarki tsakaninsu. Ruwa yana barin lantarki ya wuce, busasshen itace yana tare shi, daga nan take fitar da lamba. Akwai wata irin marar allura da ake ɗorawa kawai a fuskar katako, ba ta barin huji, amma ta fi tsada kuma tana son fuska mai sumul, ni kuwa yawancin abin da nake saya bai ga injin gogewa ba.

Sai da na fahimci lambar kafin ta yi mini amfani. Idan ta nuna 20, ana nufin nauyin ruwan da ke ciki kashi 20 ne cikin ɗari na nauyin katakon in ya bushe ƙarau. Itace ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30, daga nan kuwa duk abin da ya ragu sai jikinsa ya nuna. Kuma ba daidai yake tsukewa ba. A tsawo kusan ba ya motsi, a faɗi ne abin yake, sannan ta gefen da ya bi zoben shekarun itacen, wato zobban nan da ake gani in an yanke gungume, yana tsukewa kusan ninki biyu na ɗaya gefen. Shi ya sa katako ke lanƙwashewa kamar kwalekwale. Kayan cikin ɗaki galibi suna zama lafiya tsakanin kashi 6 zuwa 12, gwargwadon iskar wurin. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in soka alluran a ƙarƙashin wata tsohuwar kujera da ta shekara goma a ɗakin, abin da ta nuna shi nake jira sabon katako ya kai.

Na gwada gaskiyarta sau ɗaya. Na yanki ɗan guntu, na'urar ta ce 14. Na ɗora shi a sikeli, giram 112. Na sa shi a tanda a zafin digiri 103, ina fito da shi ina aunawa har nauyin ya daina sauka, ya tsaya a giram 100. Ke nan danshinsa na gaskiya kashi 12 ne, ta yi kuskure da biyu. Ga mai yin kayan kiɗa na itace wannan babban kuskure ne. Ga ni mai yin kantar ajiye kaya da benci, abin da nake nema shi ne bambanci tsakanin 12 da 20, wannan kuwa ba ta taɓa ruɗa ni a kai ba.

Ranar farko da na je sayen katako da ita, mai sayarwa ya ce, "Maigida, wannan ai ya bushe tun bara." Na nemi izini na soka, ta nuna 21. Bai ji haushi ba, dariya ya yi ya kai ni wani tari a can ciki, 13. Ba na ce ƙarya ya yi mini da gangan ba, fuskar katakon a bushe take, hannu ba ya jin komai. Amma da ban zo da ita ba, da tebur na biyu ya bi sahun na farko.

Yanzu laifuffukanta, don suna da yawa. Alluran gajeru ne, ba su kai santimita ɗaya ba, saboda haka a katako mai kauri fata kawai suke karantawa, ciki yana iya zama jiƙe sharkaf. Maganinsa sai ka yanke ɗan tsawo ka auna tsakiyar sabon yankan nan take. Kada ka auna a bakin katako, baki ya fi ko'ina saurin bushewa, zai ba ka lambar da za ta faranta maka rai a banza. A itace mai tauri na lanƙwasa allura ɗaya a mako na biyu, sa'a akwai na canji guda biyu a kwalin. Takardar da ta zo da ita ta kasa itatuwa rukuni huɗu, rabin abin da nake aiki da shi babu sunansa a ciki, sai dai in yi kirdado. Katakon da aka jiƙa da maganin gara yana sa ta faɗi lamba sama da gaskiya, haka ma wanda raɓa ta taɓa. In batir ya yi rauni sai lambobin su riƙa rawa, allon kuma yana mutuwa kafin in gama rubuta abin da ya nuna, wannan kam yana ba ni haushi. Hujin allura biyu kuwa, a fuskar da ba za a gani ba nake yin su.

Abin da ban zata ba shi ne yadda ta canja mini tsarin kashe kuɗi. Da, ranar da na samu kuɗi ranar nake saya, washegari in fara yanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ina saya mako uku ko huɗu kafin aiki, in jera katakon a inda zan yi aikin, in sa siraran sanduna tsakaninsu kowane santimita 40 don iska ta ratsa, in rubuta kwanan wata da lambar da fensir a jikin kowanne. Ɗanyen katako ya fi araha, gaskiya ne, amma ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kusan shekara guda ga kowane inci na kauri in iska ce za ta busar da shi. Kuɗinka na kwance ke nan, ga wuri da zai cinye, ga wanda zai tsage a hanya. Sau ɗaya na gwada, cikin katako takwas shida suka yi amfani.

Sai dai na'ura ba ta yi maka lissafi, kuma a nan na fi yin asara. A aikin wata kanta da na yi, na ƙirga tsawon da nake buƙata cif-cif, na ƙara kashi 10. Na manta bakin zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka. Na manta katako mai kauri milimita 25 in an goge fuskokinsa biyu yana dawowa 19 ko 20. Na manta bakunan da suka tsattsage da ƙullin da ya faɗo daidai inda nake son sa sukuru. Sau biyu na koma ƙaro katako, kuɗin ɗauko shi daban, na biyun kuma launinsa bai zo ɗaya da na farko ba, har yau in na kalli kantar ido na zuwa wurin. Yanzu ina zana kowane yanki a takarda kafin in fita, in ƙara kashi 25 zuwa 30, sannan in sayi katako ɗaya mai arha na gwaji, a kansa nake ɓata haɗin farko.

Wanda filawud kaɗai yake aiki da shi ba ya buƙatarta sosai, filawud ba ya motsi kamar katako, gam ɗin da ke cikinsa ma yana iya rikita lambar. Amma in kana haɗa katako gefe da gefe don tebur, ƙofa ko durowa, saye ta kafin ka sayi zarto na biyu. Teburin nan na farko kuwa na kwance shi, na tsaga saman a kan tsagar, na sake haɗawa, na faɗaɗa hujin sukurorin don ya samu wurin motsi. Jiya na soka masa allura a ƙarƙashi, 10 ta nuna.