Fostar tarihin kare: ta yi, amma da gyara

Fostar nan da ake samu a shagunan littattafai na Birnin Kebbi ta dace da 'yan aji 4 zuwa 6. Ta nuna yadda kare ya samo asali daga kyarkeci, har da kabarin nan na Jamus mai kimanin shekara 14,000, inda aka binne kare tare da mutum biyu.

Sai dai hoton kyarkecin ya yi duhu, yara za su ɗauka kura ce. Malam ya tanadi hoton kura don kwatance. Karnukan kuma duk na Turawa ne, ko karen farauta ɗaya babu. Ba ta ambaci cizon mahaukacin kare ba, alhali nan ne amfanin: a wanke da sabulu minti 15, a garzaya asibiti. Takardar ba ƙwari, a sa mata leda.