Kwamfutar da ta dace da ɗalibin kimiyyar kwamfuta

Duk ɗalibin da ya tambaye ni wace kwamfutar tafi-da-gidanka zai saya, amsa ɗaya nake ba shi: ya nemi tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya, in da hali ThinkPad T480.

IBM ne ya fara ƙera ThinkPad a 1992, Lenovo ya gaje shi a 2005. Don ma'aikatan da ke wuni suna buga rubutu aka yi ta, shi ya sa madannanta ke da daɗi a yatsa, kuma wanda zai raba dare yana rubuta Python ko Java zai gode wa hakan. Abin da ya sa na fi son T480 shi ne tana da gurbin RAM guda biyu, kana iya ƙarawa da kanka. RAM tamkar tabarmar aiki ce, a kanta kwamfuta ke baje abin da take yi a lokacin, da an kashe ta sai a naɗe komai. 8GB zai ishe ka a shekarar farko. Ranar da malami ya ce a girka Linux a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna wani tsarin aiki a cikin naka, a bar Windows na aiki, za ka nemi 16GB, kuma ba sai ka sake kwamfuta ba. Dell Latitude da HP EliteBook ma ba laifi.

Chromebook don yawon intanet aka yi ta, ka bar ta. Sabuwa fil mai ƙaramin firosesa Celeron da RAM 4GB da aka manne a jiki kuwa, kyan ɗan maciji ce. Wajen ma'ajiya kada ka yarda da HDD mai faifan da ke juyawa, SSD mai 256GB ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, ko da shi 1TB ne.

Yanzu ga inda aka taɓa cuta ta. Na ga tambarin i7, sunan firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai ƙarfi na Intel, manne a jikin wata kwamfuta, na biya ban duba ciki ba. Ashe zubi na uku ce, na wajajen 2012. Lambar da ke bayan sunan ita ce gaskiyar magana: a i5-8250U, takwas ɗin nan na nufin zubi na takwas, kuma ya fi tsohon i7-3520M ƙarfi, don shi cibiyoyin aiki huɗu gare shi, wancan biyu. Ga kuma wata: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 galibi daga zubi na takwas yake karɓa, tare da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar. Takardar da aka manna kowa na iya manna ta. Ka buɗe Task Manager na Windows da hannunka, ka karanta sunan firosesa da yawan RAM.

Batir ma ana rufe ido da shi. A bar maka caja a jone, ka ga 100, ka je gida ta mutu kafin ka gama shafi ɗaya. Ka cire cajar a gaban mai sayarwa, ka buɗe Command Prompt na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport, a rahoton da zai fitar ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage. Sannan ka sake kunna ta, ka danna F1 ka shiga BIOS, shafin saitin kwamfuta da ke zuwa kafin Windows ya tashi. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai ita ya ce "ba komai, ana cirewa", ka ajiye masa kayansa, cire ta a ThinkPad aiki ne ja, wani lokaci ma kayan sata ne.

In an haɗa maka da kyautar filas mai rubutun 1TB, ka gwada ta da manhajar H2testw, mai auna ainihin girmanta, kafin ka zuba aikin makaranta. Na jabun suna nuna girman ƙarya, suna ta karɓar fayil, sabo na danne tsoho.